Sayayya ta intanet da katin banki: hukunci da kariya

Katin banki iri biyu ne. Akwai wanda ke cirar kuɗi daga ajiyar mai shi, akwai kuma katin bashi, wanda banki ke biya a madadinsa, ya ɗora ruwa idan wa'adi ya wuce. A shekarar 2000, a Riyad, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta haramta katin bashin da ke da sharaɗin ruwa, ko da mutum ya ƙudurta biya kan lokaci. Shi ya sa muke ba 'yan'uwa shawarar katin ajiya, ko wanda ake zuba wa kuɗi gwargwadon buƙata.

Wajen biya, mu tabbatar adireshin shagon ya fara da https. Lambobi 3 na bayan kati da lambar da banki ke turowa ta waya, kada mu faɗa wa kowa, ko da ya ce ma'aikacin banki ne. Mu haɗa kuɗin aike, na kwastan da ladan canji kafin mu ce kaya sun yi araha. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne tsayayye, dala kuwa tana hawa tana sauka.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu.