Daga Dambanas zuwa Tirmini: labaran haihuwar al'ajabi da tarihin Littafi Mai Tsarki a ƙasar Damagaram

1. Gabatarwa

Galibi idan ana zancen addinin Kirista a ƙasar Damagaram, akan fara ne daga mulkin mallaka. A ƙarshen watan Yuli na 1899 sojojin Faransa, ƙarƙashin Pallier da Joalland da Meynier, suka ci rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini, yamma da birnin Zinder. Bayan shekara 25, wato a 1924, ƴan mishan na SIM suka buɗe zangonsu na farko a birnin. A cikin wannan ƴar takarda muna son mu nuna cewa tarihin ya girmi yaƙin Tirmini. Za mu bi sawun abu guda, wato labaran haihuwar al'ajabi.

2. Dorugu da fassarar farko

An haifi Dorugu a Dambanas, kusa da Kance, wajen 1840. Yana yaro aka kama shi bawa, aka kai shi Kukawa, inda Bajamushen nan Overweg ya ƴanta shi. Bayan rasuwar Overweg a 1852 ya bi Heinrich Barth, suka isa Turai a 1855. A Ingila ya zauna gidan J. F. Schön, wani ɗan mishan mai nazarin Hausa, ya zama babban madogararsa wajen harshen. A cikin waɗannan shekaru ne Schön ya buga fassarar Matiyu a 1857, sannan littafin Farawa da na Luka a 1858.

Littattafan nan uku su ne suka ƙunshi yawancin labaran da muke zance a kai. A Farawa akwai Saratu, wadda ta haifi Ishaku tana da shekara 90, mijinta Ibrahim yana da 100. Akwai kuma Rifkatu da Rahila, waɗanda suka daɗe ba su samu haihuwa ba. A Luka akwai Alisabatu matar Zakariya, sannan Maryamu budurwa, wadda Matiyu ma ya kawo labarinta. Ke nan shekara 40 da ƴan kai kafin Tirmini, an riga an zuba waɗannan labarai cikin Hausa, da taimakon wani ɗan ƙasar Damagaram. Sai dai littattafan ba su samu masu karatu a ƙasar tasa ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932.

3. Abin da masu sauraro suka riga suka sani

Lokacin da ƴan mishan suka zo, ba su tarar da kunnuwan da ba su taɓa jin labarin ba. Duk almajirin da ya yi nisa a allo ya wanke Suratu Maryam da Ali Imrana da Hudu, inda aka ba da labarin bushara ga matar Annabi Ibrahim, da addu'ar Annabi Zakariya, da haihuwar Annabi Isa ba tare da uba ba. Sunaye irin su Saratu da Yahaya da Mariyama da Isa sun cika gidaje. Haka kuma rashin haihuwa abu ne da kowa ya san ɗacinsa: macen da aka kira juya tana fuskantar gori da kishiya ko saki, ta bi malamai neman rubutun sha da laya, wata kuma ta bi ƴan bori. Barbara Cooper ta yi bayanin wannan a littafinta na 2019 kan tarihin haihuwa a Sahel.

4. Inda aka rabu

A namu ganin, ba a kan aukuwar al'ajabin aka saɓa ba, a kan ma'anarsa ne. Mu ɗauki shirun Zakariya. A Luka, an rufe masa baki ne domin bai gaskata maganar mala'ika ba, bai sake magana ba sai da aka haifi yaron. A Alƙur'ani kuwa, shi ne da kansa ya roƙi alama, aka ba shi shirun kwana uku. A wurin farko horo ne ga mai shakka. A na biyu kyauta ce ga mai addu'a. Wannan ya nuna matsayin da littafin Kirista ya ba abin da fassarar Hausa ta kira bangaskiya: wasiƙar Romawa, sura 4, da ta Ibraniyawa, sura 11, sun mai da haihuwar Ishaku misalin dogara ga alkawarin Allah bayan an ɗebe tsammani.

Babban saɓanin yana kan Isa. Kirista na ɗaukar haihuwarsa shaidar cewa shi Ɗan Allah ne. Musulmi kuwa na kwatanta ta da halittar Adamu, kamar yadda ya zo a Ali Imrana, aya ta 59: hujja ce ta ikon Allah, ba ta ɗiyauci ba. Labari guda ne ya buɗe wa mai wa'azi ƙofar zaure, shi ne kuma ya tsayar da shi nan.

5. Kammalawa

Ranar 16 ga Janairun 2015, bayan zanen da jaridar Charlie Hebdo ta buga, an ƙone majami'u a Zinder, aka kuma yi asarar rayuka. A cikin irin wannan hali akan ɗauki Kirista ɗan ƙasa tamkar baƙo, littafinsa kuma kayan Nasara da suka shigo bayan bindiga. Tarihin Dorugu bai goyi bayan wannan ba gaba ɗaya. Aikin da ya rage ga ɗalibanmu shi ne su jera fassarar Luka ta 1858 da ta 1932 kusa da tafsirin Suratu Maryam kamar yadda malaman Birni da Zongo suke yin sa a watan azumi, su duba kalmomin da kowanne ya zaɓa wa budurci da rashin haihuwa da yarda da Allah.