Daƙiƙa 45 Cikin Shekara 96: Rayuwar Harrison Dillard

Ranar 31 ga Yulin 1948, a filin wasa na Wembley da ke Landan, mutum shida suka durƙusa a bakin layi suna jiran ƙarar bindiga. Tseren ƙarshe ne na mita 100 a gasar Olamfik, ta farko da aka yi bayan yaƙin duniya na biyu. Kafin 'yan kallo su gama miƙewa tsaye har an gama. Barney Ewell na Amurka ya ɗaga hannuwa sama yana ta tsalle, don a ganinsa shi ya ci. Alƙalai kuwa ba su ce uffan ba sai da aka wanko hoton da kyamarar bakin layi ta ɗauka. Hoton ya nuna ƙirjin wani ya riga na Ewell isa, wani siririn saurayi da ya yi gudu a layin can gefe. Sunansa Harrison Dillard, shekararsa 25, kuma wannan tseren ba ma shi ne fanninsa ba.

Ni sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, saboda haka yawancin yinina a gaban jadawalin bayanai yake ƙarewa: suna a wannan gurbi, kwanan wata a wancan, adadi a na gaba. Idan ka nemi Dillard a jadawalin zakarun Olamfik, layi huɗu za ka samu, kowanne da lambar zinare. Wata rana na zauna na haɗa lissafin. Mita 100 a 1948, daƙiƙa 10.3. Tsallake shinge na mita 110 a 1952, daƙiƙa 13.7. Sai tseren miƙa sanda sau biyu, inda rabonsa a kowanne bai wuce daƙiƙa goma da ɗan abin da ba a rasa ba. Duka duka kusan daƙiƙa 45 ke nan. Mutumin kuwa shekara 96 ya yi a duniya, ya yi kwaleji, ya je yaƙi, ya yi aikin ofis a garinsu har ya tsufa. Waɗannan shekarun da jadawalin bai tanadar wa gurbi ba su ne suka ja hankalina.

An haife shi ranar 8 ga Yulin 1923 a birnin Cleveland na jihar Ohio. Mahaifinsa yana bin gida gida da keken doki yana sayar da ƙanƙara da gawayi. Yaron ya taso ramamme, har abokai suka laƙaba masa Bones, wato ƙasusuwa, sunan da ya bi shi har tsufa. A 1936, yana ɗan shekara 13, aka yi jerin gwano a titunan Cleveland don tarbar Jesse Owens, ɗan garin da ya dawo daga Balin da zinare huɗu bayan ya yi gudu a ƙasar Hitler. Dillard da abokansa suna tsaye a bakin titi, Owens ya waiwayo daga cikin buɗaɗɗiyar mota ya gaishe su. Har ƙarshen rayuwarsa Dillard yana ba da labarin yadda ya ruga gida a guje ya shaida wa mahaifiyarsa cewa shi ma sai ya zama kamar Owens. Ya shiga sakandaren East Technical, wadda Owens ya yi, a can kuma ya ƙware a tsallake shinge.

Wannan tsere yana son a ɗan yi bayaninsa, don a gane abin da ya same shi daga baya. Shinge goma ake jerawa, kowanne tsayinsa ya ɗan haura mita ɗaya, tsakanin wannan da wancan mita tara da 'yan kai. Mai gudu taku uku yake yi tsakanin shinge biyu, sannan ya haye. Idan ƙafa ta bugi shinge ɗaya, lissafin takun ya rikice, na gaba kuma ba ya jira. Dogaye ne suka fi jin daɗin wannan tsere. Dillard bai kai su tsawo ba, don haka da saurin ƙafa da kyawun hayewa yake cike giɓin.

A 1941 ya shiga kwalejin Baldwin-Wallace da ke garin Berea, kusa da Cleveland. Ƙaramar makaranta ce, ba ta cikin manyan jami'o'in da suka yi suna a wasanni. Bai daɗe ba yaƙi ya katse karatun. A 1943 aka kira shi aikin soja, aka sa shi a runduna ta 92 ta sojan ƙasa, wadda ake wa laƙabi da Buffalo Soldiers. Sojan Amurka na wancan zamani a rabe yake bisa launin fata. Dakarun runduna ta 92 baƙaƙe ne, manyan hafsoshinta kuwa farare, kuma kwamandanta, Janar Edward Almond, bai ɓoye raininsa ga mutanen da yake jagoranta ba. Wanda kakansa ya je yaƙin Bama ƙarƙashin hafsoshin Ingila ba zai ji wannan tsari baƙo ba.

Italiya aka tura su. Daga ƙarshen 1944 zuwa bazarar 1945 sun yi ta fafatawa da sojan Jamus a tsaunukan arewacin ƙasar, cikin sanyi da taɓo, har suka shiga birnin Genoa a watan Afrilun 1945. Yadda ƙasarsu ta ɗauki wannan hidima ana iya gane shi daga abu guda. Babu baƙar fata ko ɗaya da aka ba lambar jarumta mafi girma ta Amurka a kan wannan yaƙi sai a 1997, bayan shekara 52, lokacin da shugaba Bill Clinton ya bayar da ita ga mutum bakwai. Biyu daga cikinsu, Vernon Baker da John Fox, 'yan runduna ta 92 ne, kuma a cikin bakwai ɗin Baker kaɗai ke da rai ya karɓa da hannunsa. Dillard dai ya fito lafiya. Da aka gama yaƙi, aka shirya wa sojojin da ke Turai gasar guje-guje, ya lashe tsere huɗu, sannan ya dawo gida ya koma aji.

Shekarun da suka biyo baya su ne ganiyarsa. Daga 1947 zuwa tsakiyar 1948 ya yi tsere 82 a jere ba wanda ya riga shi. A watan Afrilun 1948, a jihar Kansas, ya kafa tarihin duniya a tsallake shinge na yadi 120 da daƙiƙa 13.6. Kowa ya ɗauka zinaren Landan ya riga ya shiga aljihunsa. Sai dai Amurka ba ta zaɓen 'yan Olamfik da suna ko tarihi. Gasar tacewa ake yi, ukun farko su tafi, saura su zauna gida. A wannan gasa, a garin Evanston na jihar Illinois, Dillard ya bugi shinge, ya sake bugun wani, takunsa ya rikice, ya tsaya bai kai layi ba. Gwanin duniya a tsallake shinge ya rasa gurbi a fanninsa.

Abin da ya cece shi shi ne ya shiga tseren mita 100 ma, inda ya zo na uku da kyar, bayan Ewell da Mel Patton. Da wannan ya samu kujerar jirgin ruwa zuwa Ingila. Landan ta 1948 ba ta gama farfaɗowa daga ruwan bama-bamai ba. Abinci da kati ake rabawa, ba a gina sabon filin wasa ba, 'yan wasa maza a barikokin soja da makarantu aka sauke su, Jamus da Japan kuwa ba a gayyace su ba. Ranar 26 ga Yuli, shugaba Harry Truman ya sa hannu a kan umarnin kawo ƙarshen wariyar launin fata a sojan Amurka. Bayan kwana biyar tsohon sojan runduna ta 92 ya zama wanda ya fi kowa gudu a duniya, da daƙiƙa 10.3, daidai da tarihin gasar da Owens yake cikin masu riƙe da shi. Ewell na biyu, Lloyd LaBeach na Panama na uku. A tseren miƙa sanda ma sai da hoto ya raba gardama: alƙalai sun soke nasarar Amurka bisa zargin an miƙa sanda a wajen iyaka, da aka duba fim ɗin tseren aka mayar musu da zinarensu.

Da wani ne, da ya ce Allah ya musanya masa da mafi alheri, ya rataye takalmi. Dillard ya kammala kwaleji a 1949, ya kama aiki, ya ci gaba da atisaye har shekara huɗu. A 1952 a Helsinki, gasar da Najeriya ta fara halarta a tarihinta, ya tsaya a gaban shingayen da suka kayar da shi. Yana da shekara 29 ya riga ɗan ƙasarsu Jack Davis da ƙyar, agogo ya ba su duka 13.7. Ya ƙara da zinaren miƙa sanda, suka zama huɗu, adadin Owens. Har yau babu wani namiji da ya haɗa zinaren mita 100 da na tsallake shinge na mita 110 a Olamfik sai shi.

A nan jadawalin ya ƙare, saura shekara 67 a gaba. Kada mai karatu ya auna zamanin da na yau, inda zakaran gudu ke sa hannu a kwangilar talla ta miliyoyi. Dokar lokacin ta hana ɗan Olamfik karɓar kuɗi a kan wasa, wanda ya karɓa an kore shi. Owens kansa, jim kaɗan bayan Balin aka dakatar da shi, ya koma tsere da dawakai a gaban 'yan kallo don neman abin sawa a baka, daga baya har ya yi aiki a gidan mai. Zinare ba ya biyan kuɗin haya. Dillard ya samu aiki a sashen hulɗa da jama'a na ƙungiyar ƙwallon besbol ta Cleveland Indians, wadda a 1947 ta ɗauki Larry Doby, baƙar fata na farko a rukunin gasarta. Ya yi shirin rediyo, ya kuma riƙa rubuta shafi a jaridar Cleveland Press. A 1955 aka ba shi kyautar Sullivan, ta gwarzon 'yan wasan da ba a biya a Amurka. A 1956 ya sake neman gurbin Olamfik yana da shekara 32, bai samu ba, ya bar gudu.

Aikin da ya fi daɗewa a kansa shi ne wanda ba a cika ambata ba. Sama da shekara 20 ya yi a hukumar ilimi ta Cleveland, har ya zama manajan harkokin kasuwancinta, bai yi ritaya ba sai 1993. Irin wannan ofis shi ke sayen kujeru da littattafai da alli, shi ke kula da gine-gine da 'yan kwangila, shi ke tabbatar da cewa aji ya yi ɗumi a hunturun da ƙanƙara ke rufe titi. Ba a yi wa mai wannan kujera tafi, sai dai a neme shi ranar da wani abu ya lalace.

Kuma ba a lokacin daɗi ya riƙe ta ba. Cleveland da take da mutum sama da dubu 900 a 1950 ta dawo dubu 500 da 'yan kai a 1990, saboda masana'antu sun yi ta rufewa, masu hali kuma sun koma unguwannin bayan gari da harajinsu. A 1966 tarzoma ta ɓarke a unguwar Hough ta baƙaƙen fata. A 1976 alƙalin tarayya Frank Battisti ya yanke hukuncin cewa makarantun birnin a rabe suke bisa launin fata, abin da ya kai ga jigilar dubban yara a motocin bas zuwa makarantun wasu unguwanni. A ƙarshen 1978 birnin ya kasa biyan bashin da bankuna ke binsa. Ana cikin wannan duka, mutumin da ya taɓa fin kowa gudu a duniya yana zuwa ofis kowace safiya a garin da aka haife shi, yana duba takardun sayayya na makarantun da shi ma ya fito daga cikinsu.

Abin da na gani a wannan doguwar rayuwa shi ne hali guda da ya yi ta maimaituwa. Yaƙi ya katse masa karatu, ya dawo ya ƙarasa. Shinge ya kayar da shi, ya jira shekara huɗu ya dawo masa. Gari ya tsiyace mutane suna ta ficewa, shi ya zauna ya yi masa aiki. Mu da muke rayuwa a waya mun saba auna mutum da ɗan guntun bidiyon da ya fi yawo, kuma da Dillard ya zo a zamaninmu, daƙiƙa goman Wembley kaɗai za mu yi ta turawa juna. Masu irin aikinsa na biyu suna nan a kowane gari, a ofishin ilimi da ɗakin ajiyar kayan asibiti, kuma sau da yawa ba ma sanin abin da suka taɓa yi a ƙuruciya sai ranar jana'iza.

A 2012 ya koma Landan yana da shekara 89, lokacin da birnin ya sake karɓar gasar, Usain Bolt kuma ya lashe mita 100 da daƙiƙa 9.63 a kan filin roba, inda su Dillard suka yi nasu a kan garin tokar gawayi. Ya rasu ranar 15 ga Nuwamban 2019 a Cleveland, sakamakon ciwon dajin ciki. A ranar shi ne mafi tsufa cikin zakarun Olamfik na Amurka da ke raye. Akwai mutum-mutuminsa a jami'ar Baldwin Wallace yana haye shinge, akwai kuma hanyar masu keke da ke ɗauke da sunansa a gabashin Cleveland, ɓangaren garin da ya taso.