Cibiyar Taya ta Yamai: Gidan da Ake Koyon Kiɗa Ba Sai da Gado Ba

A Wagini da sauran garuruwan Batsari da Safana, yaron da zai zama makaɗi a gidansu yake koyo. Ya fara da ɗaukar wa ubansa kalangu zuwa gidan biki, ya shiga sahun 'yan amshi, sai hannunsa ya nuna a bar masa turu. Haka abin yake a ƙasar Maraɗi da ke maƙwabtaka da mu. Matsalar wannan tsari guda ce: ranar da ɗa ya ƙi gado, kiɗan gidan ya bi uban zuwa kushewa.

Mutanen Nijar sun nemi maganin wannan. Bayan rasuwar Shugaba Seyni Kunce a 1987 gwamnati ta sassauta wa harkar kiɗa, gasar Ɗan Gurmu, wadda aka sa wa sunan shahararren makaɗin nan na Tawa, ta fito da matasa masu basira da ba su da inda za su ƙaro sani. Tsakanin 1989 da 1990 aka kafa cibiyar horarwa da bunƙasa kiɗa a Yamai da tallafin asusun raya ƙasashe na Turai. Aka raɗa mata sunan marigayi Alhaji Taya, jagoran makaɗan zamani, amma a bakin jama'a CFPM ake ce mata.

Cikin masanan da suka riƙe gidan akwai Dakta Mahaman Garba, wanda ya kammala digirinsa na uku a 1992 a birnin Strasbourg na Faransa, a kan kiɗan Hausawan Nijar. Mutum ne da ya ɗauki ganga da algaita da gurmi a matsayin ilimi, abin a zauna a karanta, a lokacin da ake yi wa makaɗi kallon maroƙi kawai. Wannan ra'ayi shi ya ba cibiyar fuska biyu. Ga ajin jita da sarewa da karatun rubutun kiɗa, ga kuma ɗakin da aka tara kayan kiɗan Hausa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin gonar. Rukunin makaɗa na Takeda a nan ya haɗu. Sa'adu Bori na Maraɗi da Musa Poussy suka fitar da faifan Niamey Twice wanda ya kai muryar Nijar kasuwannin Turai. A 1995 Yakuba Mumuni, gwanin sarewa, ya kafa rukunin Mamar Kassey tare da abokansa na cibiyar.

Ni dai a wurina, aikin da ya fi kowane girma shi ne na Malam Mamman Barka. Haifaffen Tesker ne, Batube, malamin makaranta, kuma ba ɗan gidan makaɗa ba. Da gurmi ya yi suna kafin ya koma aiki a cibiyar. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin Tafkin Chadi wurin wani dattijo, Bukar Tar, wanda ake ganin shi kaɗai ya rage cikin Buduma masunta da ya iya kaɗa biram. Biram tsirkiya biyar gare shi, ƙirarsa kamar ta kwalekwale, kuma masu shi suna ɗaukar sa abu mai alfarma. Matasan Buduma sun juya masa baya. Baƙo ya zo daga nesa ya durƙusa gaban tsoho, ya koyi kaɗawa da waƙoƙin da ke tafiya da shi, dattijon ya damƙa masa nasa biram ɗin. Bayan Bukar Tar ya rasu, Barka ya ɗauki biram zuwa bikin WOMAD na Ingila a 2008, tare da makaɗinsa Umaru Adamu, faifansu ya fito a 2009.

Barka ya rasu a Yamai a watan Nuwamba na 2018. Kafin nan ya koyar da ɗalibai a cibiyar, kuma sautin biram yana nan a naɗe ga duk mai son ya koya.