Tarihin Fulorin, Daga Duwatsun Jamus Zuwa Ruwan Tibiri

Cikin sinadaran da Allah ya gina duniya da su akwai wani da masana ke kira fulorin. Shi wata irin iska ce mai ɗan launin ɗorawa da wari mai shaƙe maƙogwaro, ga ta kuma da faɗa ƙwarai, gama kusan babu abin da za ta taɓa ba ta ci shi ba. Saboda haka ba a samunsa sake a sarari, kullum yana haɗe da wani abu cikin dutse ko cikin ruwa, sa'an nan sunansa ya koma fuloraid. Akwai shi a duwatsun Ririwai, kudu maso gabas da Ikara, inda mutanen da suka yi ta narkar da kuza tun kafin zuwan Turawa.

Maƙera ne suka fara sanin amfaninsa. Wajen 1530 wani malamin Jamus, Agirikola, ya rubuta labarin wani dutse, wani kore wani shunayya, wanda in aka zuba shi cikin murhu ƙarfe ya kan narke da wuri. A 1771 Shele, mutumin Suwidin, ya dafa dutsen da ruwan batir, ya sami wani ruwa mai cin gilashi. Daga nan masana suka tabbata akwai abin da ke ɓoye a ciki, amma fito da shi ya gagara har shekara fiye da ɗari. Waɗansu 'yan'uwa biyu na ƙasar Ailan, su Nokis, suka sha jinya. Luye na Beljiyam ya rasu a 1850, Nikiles na Faransa a 1869, duk don shaƙar gubarsa. Sai ran 26 ga Yuni 1886 Hanri Mowasan, a birnin Faris, ya sa wutar lantarki cikin wani kwano na filatinam da ya sanyaya ƙwarai, iskar ta fito. Aka ba shi lambar Nobel a 1906.

Labarin da ya fi shafarmu kuwa na haƙori ne. A 1901 wani likitan haƙori, Makke, ya sauka Kolorado ta Amurka, ya tarar haƙoran mutanen wurin duk sun yi dabbare-dabbare kamar na mai cin goro, har da yara ƙanana. Abin mamaki, haƙoran nan ba su cika ruɓewa ba. Shekara talatin ana neman dalili, sai a 1931 aka gano fuloraid ne ya yi yawa cikin ruwan shansu. Ashe kaɗan magani ne, da yawa cuta. A 1945 garin Girand Rafids ya fara zuba ɗan kaɗan cikin ruwan famfo da gangan, daga baya aka sa shi cikin man goge baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka iyaka, kada ya wuce miligiram 1.5 a lita guda.

To, abin bai tsaya can nesa ba. Tibiri, garin da Gobirawa suka kafa kusa da Maraɗi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, ta sami famfo daga rijiyar burtsatse mai zurfi a 1985. Mutane suka yi murna, don ruwa ne garau, ba laka, ba wari. Sannu a hankali haƙoran yara suka rine, sa'an nan ƙafafun waɗansu suka gwame, na waɗansu suka yi baka, gaɓoɓi suka sandare. Iyaye suka yi ta kai da kawowa wajen masu magani, ga shi kuwa cutar tana cikin randar ɗaki. Sai wajen 2000 magana ta fito fili, cewa fuloraid ɗin ruwan ya ninka iyakar nan fiye da sau uku. Kafin a sauya musu ruwa, ɗaruruwan yara sun riga sun nakasa, kuma ƙashin da ya tanƙware da wuya ya miƙe. A ganina abin baƙin cikin shi ne, awo ɗaya kafin a buɗe famfo da ya isa ya hana wannan duka.

Ba Tibiri kaɗai ba, an ga rinannun haƙora a Langtang da Kaltungo. Dalili kuwa, ruwan da ya daɗe kwance ƙarƙashin dutse ya kan jiƙa fuloraid, don haka rijiya mai zurfi ta kan fi ta hannu haɗari, ruwan sama kuwa kusan babu shi a ciki. Ido ba ya ganinsa, harshe ba ya jinsa, tafasawa ma ƙara masa ƙarfi ta ke yi, gama ruwan ne ke tashi shi ya zauna. Mutanen Ikara da Maƙarfi da Kudan, in za a haƙa muku burtsatse, ku nemi a kai ruwan ɗakin gwaji a auna, a kuma karanta wa mai unguwa sakamakon a gaban jama'a. In ya yi yawa, akwai dabarar tace shi da gawayin ƙashi, ko a gauraya shi da ruwan wata rijiya.