Sauye-sauyen Hanyoyin Koyarwa a Jami'o'in Ƙasar Yukren, 1632 zuwa 2022

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin yadda ra'ayin masana game da koyarwa ya riƙa sauyawa a manyan makarantun ƙasar Yukren. Tambaya guda ce ta ratsa wannan tarihi, watau shin aikin ɗalibi shi ne ya zauna ya saurari malami, ko kuwa ya nemo ilmi da kansa, malami na yi masa jagora? Za mu ga cewa sau da yawa hukuma ce ke ba da amsa, malamai na biye.

Zamanin Muhawara

A cikin shekarar 1632 Petro Mohila, wani babban malamin Kiristancin Otodoks, ya haɗe makarantu biyu na birnin Kiyef suka zama kwaleji guda. Ya kwaikwayi tsarin makarantun 'yan ɗariƙar Jizwit na Katolika, waɗanda su ne abokan hamayyarsa. Ɗalibi yakan fara da nahawun Latin, sa'an nan waƙa da balaga, daga nan ya hau falsafa da ilmin addini. Hadda tana da ƙarfi ƙwarai, amma ba ita kaɗai ba ce, domin akan shirya muhawara a bainar jama'a, inda ɗalibi zai kare magana da hujja. An rufe wannan makaranta a 1817.

Zamanin Lacca

A ƙarni na 19 daular Rasha ta buɗe jami'o'i a Karkif a 1805, da Kiyef a 1834, da Odesa a 1865, bisa ga salon Jamus. A nan lacca ta zama ginshiƙin koyarwa, farfesa kuwa shi ne mai faɗa a ji. Sai dai dokar jami'o'i ta 1884 ta ba minista ikon naɗa shugabanni da farfesoshi. Har ila yau da Rashanci ake karatu, kuma dokokin 1863 da 1876 sun takura wa buga littattafai cikin harshen Yukren. A yammacin ƙasar, wanda ke hannun Ostiriya, an ɗan sami sassauci, har masanin tarihi Mihailo Hurushebski ya sami kujerar farfesa a Libif a 1894, yana koyarwa da harshen jama'arsa.

Gwajin 'Yan Gurguzu

Da Sobiyet ta kafu, sai hukumar ilmi ta Yukren ta rushe jami'o'in a farkon shekarun 1920, ta mai da su cibiyoyin horar da malamai. Aka ce lacca gadon masu hannu da shuni ce. Aka shigo da tsarin ƙungiya-ƙungiya: a raba ɗalibai kashi-kashi, kowane kashi ya yi aikinsa, sau da yawa mutum guda ya amsa tambaya a madadin sauran, a ba su sakamako ɗaya. Niyyar ita ce ɗalibi ya daina zaman sauraro, amma sai raggo ya sami mafaka a bayan mai ƙoƙari. A 1932 gwamnati ta soke tsarin, ta dawo da lacca da jarrabawar kowa da kansa, a 1933 kuma aka sake buɗe jami'o'in. Daga nan manhaja ta riƙa zuwa daga sama, kowane ɗalibi sai ya karanta aƙidar Markis da Lenin, kuma galibin bincike ya koma hannun cibiyoyin kimiyya.

Bayan 'Yancin Kai

Yukren ta sami 'yanci a 1991, aka kuma farfaɗo da makarantar Mohila a matsayin jami'a. A 2005 ƙasar ta shiga yarjejeniyar Bolonya ta ƙasashen Turai, wadda ke auna karatu da yawan aikin ɗalibi. A 2008 jarrabawar bai-ɗaya ta zama sharaɗin shiga jami'a, don rage cin hanci. Dokar 2014 ta ƙara wa jami'o'i ikon tsara manhaja, ta kuma ba ɗalibi damar zaɓen aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na darussansa. Annobar 2020 da mamayar Rasha ta 2022 suka tilasta karatu ta intanet, dubban ɗaliban Nijeriya kuwa suna cikin waɗanda yaƙin ya katse wa karatu.

Kammalawa

Sau biyu ke nan cikin shekara ɗari Yukren tana ƙoƙarin ɗora nauyin karatu a kan ɗalibi. Na farko ya faɗi saboda umurni ne daga sama, kuma an cire hanyar gane abin da kowane ɗalibi ya sani. Na biyu ya zo da ikon jami'a da jarrabawar mutum da kansa. Abin da ya rage shi ne malamin da ya tashi cikin tsohon tsari ya yarda ya rage magana, ya ƙara sauraro, wannan kuwa doka ba ta iya sa shi.