BABI NA UKU: DAGA BRUCE LEE ZUWA KUNG FU PANDA 2, TARIHIN RA'AYIN MASU KALLON FINAFINAN FAƊA A LAFANI DA KEWAYEN ILLELA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin Lafani da matsayinta a ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Wannan babi zai dubi yadda ra'ayin masu kallo na wannan yanki ya ginu dangane da finafinan faɗa, tun daga zamanin sinima har zuwa fitowar fim ɗin katun mai suna Kung Fu Panda 2 a shekarar 2011. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, kafin wannan fim ya iso mai kallo ya riga ya mallaki ma'aunin da zai auna shi da shi, kuma ya gaji ma'aunin ne daga dambe da tatsuniya da finafinan Canis da kuma kasuwar kaset.

3.1 Hanyar da Fim Ya Bi Zuwa Bakin Iyaka

Hoto mai motsi ya fara shiga ƙauyukan ƙasar Hausa ne ta hanyar majigi, wato motar da gwamnatin mulkin mallaka kan tura gari-gari domin nuna finafinan wayar da kai a kan noma da tsafta da biyan haraji. Sinimar kuɗi kuwa abin birni ce. An buɗe gidan sinima na Rex a Kano a 1937, kuma Kwarori ne suka daɗe suna riƙe da wannan sana'a, su ne suka kawo finafinan kaboyi na Amurka, daga baya na Indiya. Mutumin ƙauye ba ya ganin irin wannan sai in fatauci ko cin rani ya kai shi birni, in ya dawo ya ba da labari a dandali.

A cikin shekarun 1970 ne finafinan Honkon suka mamaye gidajen sinima na duniya, Arewacin Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba. Bruce Lee ya fito a The Big Boss a 1971, da Fist of Fury a 1972, da Enter the Dragon a 1973, shekarar da ya rasu. Bayansa Jackie Chan ya yi suna da Drunken Master a 1978, sannan Jet Li da Shaolin Temple a 1982. Duk waɗannan Bahaushe ya haɗa su ya kira su finafinan Canis. Amma abin da ya sauko da su daga birni zuwa ƙauye shi ne kaset ɗin bidiyo da janareta, waɗanda suka haifar da gidajen kallo a shekarun 1980 da 1990. Daga baya faifai ya kori kaset, har ya zama faifai guda na ɗauke da finafinai masu yawa, sannan wayar hannu ta zo, masu tura finafinai suka buɗe rumfuna a kasuwanni.

Zaman Illela a kan hanyar Sakkwato zuwa Birnin Ƙonni ya sa yankin ya zama mahaɗa. Kaset ɗin Kano kan tsallaka zuwa Nijar, a can kuma ’yan Canis ɗin da Faransanci suke magana. Wannan bai hana kowa kallo ba, domin a fim ɗin faɗa jiki ne ke magana, kuma a kowane gidan kallo ba a rasa wanda ya taɓa ganin fim ɗin, yana zaune yana gaya wa na kusa da shi abin da zai faru.

3.2 Ma'aunin da Aka Gada

Finafinan Canis sun tarar da mutanen da suka san faɗan gwaninta tun kaka da kakanni. Ƙasar Sakkwato ƙasar dambe ce, a nan aka yi Shago da makaɗinsa Ɗan Anace. A tsallaken iyaka kuwa kokawa ce sarauniyar wasanni, har gwamnatin Nijar ta fara gasar takobi ta ƙasa a garin Tawa a 1975. Saboda haka mai kallo bai buƙaci a koya masa yadda ake gane gwani ba. Ya ba jarumin fim suna akta, ya ba babban mugu suna bos, ya kuma san tsarin da labarin zai bi: a kashe malamin akta ko mahaifinsa, akta ya sha kashi, ya koma wurin wani tsoho ya sha wahalar horo, sannan ya dawo ya bi yaran bos ɗaya bayan ɗaya kafin ya kai ga uban gidansu. Daga nan ne maganar nan ta yara ta samo asali, cewa akta ba ya mutuwa.

Babban sharaɗi a wannan ma'auni shi ne gaskiyar jiki. Abin da ya ɗaukaka Bruce Lee a idon masu kallo shi ne imanin cewa ko a waje zai iya abin da yake yi a fim. Jackie Chan kuwa ya saba nuna kurakuran da aka yi wajen ɗaukar fim a ƙarshen finafinansa, a ga ya faɗo ya ji ciwo, a ɗauke shi. Ga ɗan kallon dambe, wanda ya saba ganin jini a bakin ɗan wasa, wannan ita ce shaida. Duk fim ɗin da ba a zubar da gumi a cikinsa ba, to, an rage masa daraja tun kafin a kunna shi.

3.3 Katun da Matsalar Kashi na Biyu

A nan ne Kung Fu Panda ya ci karo da cikas na farko. Kamfanin DreamWorks na Amurka ne ya fitar da kashi na ɗaya a 2008. Jaruminsa Po, panda ne, wata dabba mai ƙiba, fari da baƙi, da ke zaune a duwatsun ƙasar Sin tana cin gora. Kasancewarsa zane ya sa manya da yawa suka jefa shi a sahun Tom and Jerry, wato kallon yara, domin zane ba ya karaya, ba ya gajiya, kuma mai zana shi na iya sa shi ya tashi sama in ya ga dama. Wani abin lura shi ne Jackie Chan kansa yana cikin fim ɗin, shi ne ya yi muryar Biri, amma murya ba ita ce abin da aka san shi da shi ba a gidan kallo.

Sai dai wannan ra'ayi yana da kishiya, kuma kishiyar ta fi shi tsufa. Bahaushe bai taɓa ganin baƙon abu ba a dabba mai magana. Wanda ya tashi da Gizo da Ƙoƙi da kura da dila ba zai yi mamakin kunkuru ya zama malami ba, balle ma a cikin abokan Po guda biyar akwai ƙoƙi-ƙoƙi, tare da damisa da biri da maciji da wani tsuntsu mai kama da gauraka. Shi kansa Po, mai son ciki da sakarci amma ya yi nasara a ƙarshe, ba ya nesa da halittun tatsuniya. Har ila yau ba Amurkawa ne suka fara sa dabbobi faɗan gwaninta a fim ba a idon wannan yanki. Moustapha Alassane, ɗan Nijar da ya daɗe zaune a Tawa, jihar da Birnin Ƙonni ke cikinta, ya yi katun na kwaɗi mai suna Bon Voyage Sim tun 1966, ya kuma yi Kokoa, inda ’yan tsana masu siffar dabbobi ke kokawar gargajiya. Abin takaici ne a ce yaron bakin iyaka ya san Po bai san wannan maƙwabci nasa ba.

Cikas na biyu shi ne lambar 2 da ke jikin sunan. Tun bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, kasuwar finafinan Hausa ta saba raba labari guda gida biyu ko huɗu, a yanke shi daidai inda ya yi daɗi, a ce a haɗu a kashi na gaba, kamar yadda marubuta littattafan soyayya ke yi. Wannan ya koya wa mai saye abu biyu masu karo da juna: yana jiran kashi na biyu ya ƙarasa masa labari, yana kuma zargin dabara ce ta cin kuɗinsa sau biyu. Kung Fu Panda na ɗaya kuwa ya riga ya ƙare, an gama da bos Tai Lung. Ke nan dole na biyu ya nemo sabon dalilin zamansa.

Dalilin da ya samo shi ne asali. Jennifer Yuh Nelson, wadda aka haifa a Koriya ta Kudu, ita ce ta ba da umarnin kashi na biyu. A cikinsa an nuna wani ɗawisu ɗan sarauta mai suna Shen, wanda wata akuya mai duba ta faɗa cewa jarumi mai fari da baƙi ne zai ga bayansa, don haka ya sa aka hallaka ƙauyen panda. Uwar Po ta ɓoye jaririnta a akwatin kayan lambu, akwatin ya faɗa hannun Ping, dinya mai sayar da taliya, ya rene shi. Musulmin da ya yi karatun allo ba zai rasa tuna ƙissar Fir'auna da kisan jarirai maza ba, ko da yake ba a kwatanta zanen wasa da tarihin annabawa. Abin da ya fi jawo muhawara shi ne ƙarshen zancen, inda Po ya koma gida ya ce wa dinya shi ɗansa ne. Riƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, yaro kan tashi a hannun gwaggo ko kawu ko malami. Amma ɗan riƙo ya san ubansa, kuma shari'ar Musulunci ta hana a jingina ɗa ga wanda bai haife shi ba. Saboda haka wanda ya dubi alherin Ping zai ce Po ya yi halacci, wanda kuma ya dubi ɓoye masa asali da aka yi shekara da shekaru zai ce tsintacciyar mage ba ta mage. Masu fim ɗin sun bar ƙofar a buɗe, domin a minti na ƙarshe an nuna uban Po yana raye. Sai da aka jira shekara biyar, zuwa 2016, kafin kashi na uku ya haɗa su. A wannan fuska dai Amurka ta yi abin da Kano ta saba yi.

A kasuwar duniya kashi na biyu ya zarce na ɗaya, ya tara sama da dala miliyan 660. A ƙasar Sin kuwa ra'ayi ya rabu tun 2008, lokacin da wani mai zane, Zhao Bandi, ya yi kira da a ƙaurace wa fim ɗin bisa zargin Amurka na cin kasuwa da al'adun Sinawa, yayin da wasu ke tambayar dalilin da ya hana Sinawa yin irinsa da kansu.

3.4 Igwa da Gwaninta

Sashen fim ɗin da ya fi taɓa tarihin wannan yanki shi ne makamin Shen. Ɗawisun ya ɗauki albarushin da iyayensa ke wasan wuta da shi ya ƙera igwa, da nufin kawo ƙarshen kunfu baki ɗaya, kuma da ita ya kashe wani babban malamin faɗa da harbi guda. Wannan tsohon jigo ne a finafinan Canis. A Once Upon a Time in China na 1991 akwai gwanin da ƙarfe ba ya kama shi, amma harsashi ya kashe shi. Tarihin Sin ma ya ga haka a 1900, lokacin da ’yan tawaye masu imanin harsashi ba ya huda su suka fuskanci sojojin ƙasashen Turai da Japan.

Mutanen bakin iyakar Illela ba sa buƙatar zuwa Sin domin wannan darasi. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, ta yi kisan da har yanzu ake tunawa. A ranar 15 ga Maris, 1903, mahaya dawakin Sakkwato suka fuskanci bindiga mai ruwa da igwa a Giginya, kuma a watan Yuli na wannan shekara Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Burmi. A 1906 mutanen Satiru suka ci sojojin Ingila da gatura da fartanya a karon farko, a karo na biyu aka shafe garin. Al'ummar da ke da ’yan tauri da masu maganin bindiga ta san iyakar kowannensu.

Shi ya sa yadda Po ya ci nasara ke da wuyar karɓuwa ga babba. Bayan ya sami natsuwar zuciya, sai ya tsaya a kan wani guntun katako a cikin ruwa yana tare dalmar igwa da hannu yana mayar da ita kan jiragen Shen. Ga yaro wannan shi ne ƙololuwar fim ɗin. Ga wanda ya auna da ma'aunin Bruce Lee kuwa, nan ne fim ɗin ya bar faɗa ya koma tatsuniya, domin bos ɗin ma ba da hannu aka gama da shi ba, igwarsa ce ta faɗo masa. Wannan bambanci ya ƙara nauyi bayan 2019, lokacin da hare-haren ’yan bindiga suka tsananta a gabashin jihar Sakkwato har suka taɓa ƙauyukan Illela. Yaran da suka kalli kashi na biyu suna ’yan shekara goma a 2011, su ne samarin da suka yi sintirin dare a waɗannan shekaru, kuma su ne kashi na huɗu ya tarar da ya fito a watan Maris na 2024, watan da Nijeriya ta sake buɗe iyakarta da Nijar bayan rufewar da ta biyo juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023.