Ginin da ba bango ke riƙe da shi ba

Mai karatu, dubi ɗakinka na ƙasa. Bango ne ke ɗauke da azara. In ka sare bangon, rufi ya faɗo. Yanzu dubi rumfar kasuwa. Dirkoki ke riƙe da ita, zana kuwa kariya ce kawai. Kana iya cire zanar, rumfa tana nan tsaye. Dabarar rumfa ce ta haifi dogayen benaye na zamani.

Abin ya faru a Shikago, wani birni na Amurka. A 1871 gobara ta ci birnin, mutum wajen 100,000 suka rasa wurin kwana. Da aka shiga sake gini, fili ya yi tsada, sai magina suka nufi sama. Amma bango yana da iyaka: in za a ƙara tsawo, dole a ƙara kauri. Wani bene mai hawa 16 da aka gina can a 1891, Monadnock, kaurin bangonsa a gindi ya kusa metir 2. Ka ga bango ya cinye ɗaki ke nan.

Tun 1885 wani magini, William Jenney, ya riga ya gwada wata hanya. Ya kafa ginshiƙan ƙarfe, ya gitta wasu a kansu, ya yi hawa 10. Ƙarfen ya ɗauki yawancin nauyin. Sai dai an lulluɓe shi da bulo da dutse, don tsoron wuta, kuma idon mutane bai saba ba. An rushe wannan bene a 1931.

Daga baya magina suka daina ɓoyo. Fazlur Khan, injiniya haifaffen Dakka ta ƙasar Bangaladash, shi ya tsara ƙashin wani bene mai hawa 100 a Shikago, wanda aka fara kira John Hancock. An gama shi wajen 1969, tsawonsa metir 344. A irin wannan tsawo iska ce babbar abokiyar gāba. Sai ya gicciya manyan ƙarafa a bayan ginin, kamar yadda kake tokare rumfa kafin hadari. Wannan ya rage ƙarfen da aka kashe ƙwarai. A ganina ya ƙara masa kyau ma, ko da yake wasu mazauna benen ƙarfe ya ratsa ta gaban tagarsu, ya tare musu rabin kallo.